Yashi a Huhun Malam Mordecai

Mordecai Toma malamin motsa jiki ne a wata firamare da ke Muchia. Ba a san shi da ciwo ba, sai da ya doshi shekara arba'in numfashi ya fara gagararsa. In ya zagaya fili da ɗalibai sai ya tsaya ya dafa gwiwa yana haki, leɓɓansa su yi duhu. In yana zaune kuwa garau yake.

Aka ɗauki hoton ƙirjinsa, ya fito fari kamar an barbaɗa gari. Aka zaci tarin fuka ne. Ya sha magani wata da watanni, hoton bai canza ba, maƙwabta kuma suka rage shiga gidansa. Daga nan aka tura shi asibitin Shika, wurin wata likita mai suna Mojisola.

Bayan wasu gwaje-gwaje, ta ɗora shi a kan keken da ba ya zuwa ko'ina. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka rufe masa hanci da baki da wata roba mai auna iskar da yake shaƙa. Ya yi ta taka feda, keken na ƙara nauyi, har ya ɗaga hannu alamar ya gaji.

Likita ta ce, "Malam, zuciyarka tana aikinta. Huhun ne. Akwai 'yan tsakuwoyi kamar yashi a cikinsa, na sinadarin da ke gina ƙashi. In kana zaune iskar na isarka. Da ka motsa, jini sai ya wuce bai ɗauki abin da zai wadatar da jiki ba."

"Ƙurar fili ce na shaƙa, likita?"

"A'a, gado ne, ta uwa da uba duka. Ba a ɗaukarsa daga mutum, kuma ba mu da maganin da zai narkar da shi. Kana da 'yan'uwa?"

Yana da ƙanwa guda, Keziya, mai sayar da kayan miya a kasuwar Samaru. Da ya je mata da maganar ta ce, "Yaya, ni da nake ɗaukar kwandon tumatir? Lafiyata ƙalau." Bai fasa zuwa rumfarta ba sai da ta bi shi Shika. Nata hoton ma ya nuna yashin, sai dai bai kai nasa ba.

Mordecai bai bar aiki ba. Likita ta nuna masa iyakar saurin da huhunsa ke ɗauka, ya koma koyarwa da usur daga gefen fili. An duba 'ya'yan Keziya, ba a ga kome ba. Yanzu in an tashi daga coci ran Lahadi, shi da Keziya kan taka a hankali har tasha. Duk wanda ya fara haki, ɗayan ya tsaya ya jira shi.