Tiyon Birkin da Na Toshe

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara yawo, duk mai hali a Kankiya so yake a ce yana da tirela. Maigidanmu, wani ɗan kasuwar hatsi, shi ma ya sayo kan tirela sabo fil daga Kano, ya haɗa shi da tsohon bodi. Yayana ne direban. Ni kuwa bakanike ne a garejin bakin hanya, da matata da gemuna, don haka ba zan fake da ƙuruciya ba.

Bodin nan yana da mugun hali. Da an taka birki, iska ta bi tiyo ta isa baya, sai tayoyin su ƙame ƙam, su riƙa jan kwalta suna hayaƙi. Kafin ka ankara taya ta sule gefe guda. Gyaran bai fi aikin yini biyu ba, amma maigida ba ya iya ganin mota a tsaye alhali siminti na jira a Kano.

"Kai, toshe mashi iska mu huta," in ji shi. "Mi birkin kai ke yi? Taya ta hi ƙarhin wasa."

Kuma haka ake yi a lokacin. Birkin baya ya dame ka, sai a feƙe itace a cusa a bakin tiyo, a ɗaure da waya. Har da gwanintar zaɓe, wai icen aduwa ya fi riƙo. Ka ji aikin banza! Ƙattin mutane, sun ɗora wa mota lodi har tana nishi, suna gardamar itace.

Yayana ya tsaya a kaina ina feƙewa. Ya ce, "Ƙanena, wanga abu bai kwanta mani ba. Tirela ba amalanke ba ce."

Na ce, "Yaya, sai ka riƙa sauko da giya da wuri." Har da dariyata.

Da damina abin ya faru, da rana tsaka, an ɗauke ruwa ke nan kwalta na santsi. Yayana ya kusa Yashe sai ga garken shanu ya ɓullo yana tsallakawa, makiyayin na tsakiyarsu. Ya taka birki. Kai ya tsaya, bodi kuwa bai san an yi ba. Ya turo da nauyin simintinsa, ya naɗe kan ya matse shi. Ko saniya ɗaya ba a taɓa ba, makiyayi ya tsira, amma ƙafar yayana ta dama a asibiti aka bar ta.

Tun kafin 'yan sanda su zo duba motar maigida ya kai ni wurin. Ya ja ni gefe ya ce, "Cire icen nan, ka maida tiyon yadda yake." Na cire, na jefa cikin gonar gero. Ban ko yi gardama ba, kuma wannan ne ke ci mini rai har yau.

Daga nan sai labari ya juye. Maigida ya zo dubiya gidanmu a Kusada, ya baza babbar riga a tabarma yana ta "ƙaddara ta riga fata", ya fita ya ce wa mutane gudu yaron ke yi, ya sha yi masa faɗa. Yaron! Mutumin da ya girme shi. Direban da ake yi wa tsiya saboda tafiyar hawainiya, shi ne ya koma mai ganganci. Ya zauna a ƙofar gida yana tufkar igiya, masu wucewa na nuna shi suna yi wa 'ya'yansu wa'azi. Ƙafa ba ta ƙona shi kamar wannan ba.

Yanzu an ce manyan motoci na da birki mai kamawa yana saki da kansa, don kada taya ta ƙame. Madalla. Da idona na ga an tsinke wayarsa saboda fitilar gargaɗi ta dami mai mota. Mai hali ba ya fasa halinsa.

Sai da muka yi furfura na iya zama kusa da yayana na ce, "Yaya, ni na cire icen kahin 'yan sanda su zo."

Bai ɗago daga igiyarsa ba. Ya ce, "Na sani tun ran nan. In na buɗe baki, kai za a kulle, ba shi ba. Wa zai ci da gida biyu?"

Da ma zagina ya yi. Shekaru ina kawo masa hatsi ina jin ni ne mai riƙe shi, ashe shi ya sayar da sunansa ya saye ni. Ya rasu ana ce masa mai ganganci, ni kuwa har yau malam bakanike ake ce mini, ana gaishe ni da girma.