Hular Ƙarfen Tankari

Tankari mutumin Ƙonni ne, kuma a ƙuruciyarsa ɗan kokawa ne da ake bugawa ganga. Da ya bar fili sai ya bi wani yayansa fatauci, har ya zo ya zauna a unguwar Sanyuanli ta ƙasar Sin yana sayen takalma da rigunan yara yana aikawa gida. 'Yan kasuwar Shahe da ke nan garin duk sun san shi, saboda dila guda yake saɓawa a kafaɗa yana dariya.

Wajen shekarar 1998 ƙafar hagu ta fara yi masa gardama. Tsohon targaɗen kokawa ne ya cinye masa gaɓar kwatangwalo. Ya sha tausa, ya sha jiƙe-jiƙen Sinawa masu ɗaci, abu ya ƙi. Likitan farko ya ce sai an yanke kan ƙashin cinyar an sa na ƙarfe. Tankari ya ɗauki sandarsa ya fita.

Matarsa Saude ce ta matsa masa ta waya. "Maigida, gurguwar ƙafa ba jarumta ba ce. Ka je ka ji ta bakin wani."

Likita na biyu, Dokta Liang, bai daɗe da dawowa daga karatu a Turai ba. Ya daɗe yana duban hoton ƙashin, sannan ya ce akwai wata sabuwar hanya: ba a yanke kan ƙashin, kankare shi ake yi a kifa masa hular ƙarfe.

"Ƙashinka na da ƙarfi, shekarunka ba su kai arba'in ba," in ji shi. "Amma aikin sabo ne. Ba zan ce maka ga iyakar shekarun da zai yi ba."

"In ya lalace fa?"

"Sai mu koma wancan aikin. Ƙashin na nan."

Tankari ya yi istihara, ya amince.

Jinyar ta ba shi wuya. Ranar da aka fara tsayar da shi, ƙaton mutum, sai da ya yi ƙwalla. Amma kafin azumi ya ajiye sanda. Ɗingishi kaɗan ya rage, shi ma sai in an yi ruwa.

Yanzu duk baƙon da ya sauka daga Kano ko Yamai, Tankari ne ke zagayawa da shi kasuwa a ƙafa, kuma baƙin ne ke fara neman wurin zama.