Ranar da Na Taka Tabarmar Surukina da Takalmi

Komai zan iya mantawa a shekarun da na yi ina aiki a Tanout, ban da wata Laraba ta tsakiyar bazara, ranar da na faɗa taron dattawa babu sallama, na taka tabarma da takalmi, alhali mahaifin mijina yana zaune a kanta. Har yau in na tuna sai na rufe fuska. Amma in gaya muku gaskiya, ban taɓa yin abin da nake alfahari da shi kamar wannan ba.

A lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai tallafa wa makiyaya da abincin dabbobi. Sakatariya aka ɗauke ni, amma da yake ba na tsoron taɓa na'ura, sai aka ɗora mini kula da kwamfutocin ofis. Ainihin masu tsaron na'urorinmu suna can Damagaram, su uku, suna lura da duk abin da ke shiga da fita. Shugabansu wani siririn mutum ne mai nacin tsiya. Ya taɓa zuwa ya wuni yana maimaita mana magana ɗaya: akwai ɓarayin da ke turo cuta ta cikin wasiƙa, ta kulle duk takardun da ke cikin kwamfuta, sannan su ce sai an biya su za su buɗe. Ya ce in ta kama ɗaya, ta igiyar rezo, wato wadda ta haɗa kwamfutocin da juna, take bi ta shiga sauran, don haka a zare igiyar nan take, kada a kashe na'urar, kada a tsaya neman izini. Har takarda ya sa darakta ya sa wa hannu cewa ina da wannan ikon. Da ya tafi muka yi ta yi masa dariya. Wane ɓarawo ne zai bar bankunan duniya ya zo nan yankinmu na Damargu neman sunayen masu shanu?

Shekarar nan ruwa ya yi jinkiri, daji ya ƙare, shanu sun fara kwanciya ba sa iya tashi. Ma'aikatanmu sun yi makonni a kan babura suna zagaya rugage da ƙauyukan Ollelewa da Gangara, suna ɗaukar sunayen gidajen da za a ba dusa da angurya. Ranar Litinin aka gama haɗa jerin, aka ajiye shi a babbar kwamfutar da ke ɗakin kaya. Duk Juma'a nakan kwafe komai a wani faifai na daban in kulle shi a akwati, amma wannan sabon jerin bai riski Juma'a ba. Ke nan guda ɗaya tak muke da shi a duniya. Ga motocin dusa sun iso, rabo gobe Alhamis, mutane har sun fara sauka da jakuna da amalanke a bakin gari.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wayata ta yi ƙara. Mai nacin nan ne, amma ko gaisuwa bai yi ba.

"Madam, kina ofis? Na'urar darakta ta kamu. Na so in tsinke ta daga nan, rezo ya ƙi. Tashi ki zare igiya, yanzu!"

Na dubi allon gabana. Takardun da ke cikin babbar kwamfuta suna sauya suna ɗaya bayan ɗaya, kowace na taɓa ba ta buɗuwa. Cutar tana saukowa layi layi, kuma jerin makiyayan yana can ƙasa yana jiran ta.

Na ruga ofishin darakta, na yi turus a bakin ƙofa. Taro yake yi da masu gari da shugabannin makiyaya kan rabon gobe. An fitar da kujeru an shimfiɗa musu tabarmi, ana zuba shayi. Igiyar da nake nema tana bayan tebur, a gindin bango, kuma wanda ya jingina da bangon nan surukina ne. Shekara takwas ina auren ɗansa, ban taɓa duban fuskarsa ba. In na hango shi a hanya, lungu nake shiga. Na fara tsara yadda zan aika a kira darakta waje, in durƙusa in yi masa bayani a hankali. Sai na ji muryar tana fitowa daga wayar da ke hannuna: "Kin zare?"

Ban san lokacin da na shiga ba. Na tsallake ƙafafun dattawa biyu, na yi ɓarin kofin shayi, na durƙusa dab da gwiwar surukina, na miƙa hannu ta bayansa na fizge igiyar. Dattawa duk suka juyo suna kallona.

"Ke! Lafiyarki ƙalau kuwa?" in ji darakta, ya miƙe tsaye.

Na ce, "Mushe darakta, a gafarce ni, kai ka sa wa takardar izini hannu." Na fita da gudu na je na zare ta babbar kwamfutar ita ma. A can ɗakin kaya na zauna a kan buhu na yi kuka mai isata, rabi don tsoro, rabi don kunya.

Kafin in share hawaye allon darakta ya koma ja, da wani dogon rubutu da Faransanci: an kulle takardunku, ku biya ko ku rasa su. A nan ya tuna da wasiƙar da ya buɗe da safe, wadda ta zo kamar daga masu ba mu tallafi. Bawan Allah, bai ɓoye ba, a gaban dattawa ya faɗa.

Da la'asar mutanen Damagaram suka iso. Suka ware kowace na'ura suka bincika, suka sauya kalmomin sirri, suka goge ta darakta tas suka mayar masa da takardunsa daga faifan Juma'a. Ni dai ina tsaye a bayansu ina salati. Da suka zo kan jerin makiyayan, shugabansu ya danna, ya buɗu, sunaye suka cika allo. Ya nuna mini da yatsa inda cutar ta tsaya. Layi biyu ne ya rage tsakaninta da shi. Ko sisi ba mu ba ɓarayin ba, kuma washegari da safe aka yi rabo. Ni na riƙe takardar ina kiran sunaye, kowa ya zo ya ɗauki buhunsa.

Saura surukina. Kwana biyu ban iya cin abinci ba, har maigidana ya shirya ya tafi ba shi haƙuri. Ya dawo yana ƙunshe dariya. Wai tsoho ya ce shi bai ga kowa ya shigo ɗakin nan ba, ya dai ga shayi ya zube, kuma a ganinsa iska ce. Sannan ya ɗauko ƙullin cuku, busasshen nonon nan na makiyaya, ya miƙa masa, ya ce, "In ka gamu da iskar, ka ba ta wannan, ka ce Allah ya yi mata albarka."

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, gwanayen tsaro ko sun kai ɗari, in suna nesa, hannun wanda ke cikin ɗakin suke jira. Don haka a koya wa na ƙasa abin yi, a ba shi izini tun lafiya lau, domin ran da abin ya zo ba a samun lokacin sallama. Ni da kunyata muna nan yadda muke, har gobe in na hango surukina lungu nake shiga. Amma da za a sake, wallahi sai na sake taka tabarmar nan.