Abin da Ta Faɗa Tana Cikin Magani

Shekarar da ruwan dam ɗin Bakolori ya ci ƙauyuka aka kawo mini wata baiwar Allah nan Bakura. Yayanta ne ya kawo ta daga wajen Maradun, mata kamar kara, ba ci, ba magana, ba kuka. Baƙin ciki ne ya kwantar da ita.

Maganin irin wannan wurin uwata na gaje shi: jiƙon zaƙami ɗan kaɗan, mai sa mutum gane-gane har bakinsa ya buɗe. Sharaɗinsa biyu. Ki zauna da mai ciwo har maganin ya sake shi, kuma abin da kunnenki ya ji ya mutu a ɗakin.

Da hantsi ta sha. Kafin azahar ta ce ga gidansu can ƙarƙashin ruwa. Sai ta damƙe zanena.

"Inna, 'ya'ya huɗu na binne a garin nan. Ran da ruwa ya rufe kaburburan, kowa na kuka, ni daɗi na ji. Na huta da ganinsu. Wace irin uwa ce ni?"

Na ce, "Uwar da ta gaji, 'yata." Ta yi kuka har la'asar, ta nemi fura. Sati biyu ta koma daka.

To, ni da shegen baki! Ranar Talata a kasuwar Mafara wata mai albasa ta ce maganina duk camfi ne. Raina ya ɓaci. Don in rufe mata baki na kwashe labarin na zuba mata. Ban faɗi suna ba, wallahi, amma mata nawa ne a wajen Maradun suka binne huɗu?

Kafin wata ya ƙare ana nuna ta a bakin rijiya: ga wadda ta yi murna da ruwa. Ta koma ɗaki ta rufe. Kunya ta hana ni zuwa, har yau ina jin ta a wuyana.

Da kaka yayanta ya dawo. Muka gaisa doguwar gaisuwa, idonsa a ƙasa. Na ce ya kawo ta in sake gwadawa.

Ya ce, "Na yi mata maganar, Inna. Ta ce za ta sha, in an samo mai magani kurma, wadda ba ta ji."