Shari'ar Mai Walda da Yayata Ta Ci

Yayata lauya ce, amma ba irin wadda za ka je ofishinta ka kai kukanka ba. Ita lauyar hukuma ce, ɗaya daga cikin hukumomin gwamnati masu kamu da tsarewa. Idan jami'ansu suka kama mutum, ita ke gurfanar da shi gaban alƙali. Idan kuma wani ya yi ƙarar hukumar cewa an zalunce shi, ita ake turawa ta kare. A gida Yaya muke ce mata. A ofis kuwa Garkuwa suka laƙaba mata, don ba a cika kai ta ƙasa ba.

Da zuciya ɗaya ta shiga aikin. Ina tuna ranar da ta sa aka ɗaure wani mai haɗa maganin tari na jabu yana sayar wa iyayen yara. Ta dawo gida ko takalmi ba ta cire ba ta hau ba mu labari, har Mama ta ce, "To, bakin nan naki da ya hana mu sakat ya samu gonar nomawa."

A lokacin ofishinta yana hawa na sama, ɗaki ne mai fanka guda da ke kuka kamar akuya, fayil jibge har ya toshe rabin taga. A ƙasa ɗakunan tsare mutane suke. In rana ta take, warin fitsari da gumi yakan biyo matakala ya hau har teburinta. Na taɓa tambayar ta yadda take iya cin abinci a wurin. Ta ce hanci ba shi da zuciya, sabawa yake yi.

Ana nan sai aka miƙa mata shari'ar wani mai walda. An kama shi ne bisa zargin yana yanka ƙarafan sata, aka ɗaure hannunsa na dama da ankwa a jikin ƙarfen taga, aka matse. Hannu ya kumbura, ya yi ta roƙo a sassauta, ba wanda ya kula. Da aka gane ba shi ake nema ba, aka ce ya tafi gida ya gode wa Allah. Likita ya duba ya ce hannun ya riga ya shanye. Mai walda ya kai ƙara.

Jami'in da ya ɗaure shi wani ƙato ne da ake kira Guduma. Yaya ta kira shi ofis don ta ji ta bakinsa kafin zaman kotu. Ya shigo yana sakace haƙori da tsinken ashana, ya zauna ba a ce ya zauna ba.

"Me zan faɗa a kotu, ranki ya daɗe?"

"Gaskiya za ka faɗa."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Wacce daga ciki? Ai muna da su kala-kala."

"Ka matse masa ankwa ko ba ka matse ba?"

"Haba ranki ya daɗe, ankwa ai ba awarwaro ba ce. Da kin ji yadda yake kuka, ƙato da shi, wai 'hannuna, da shi nake ci da iyali.' Na ce to ka koyi ci da hagu." Ya ciro abin da ya sakato, ya dube shi, ya shafa a gefen teburinta.

Da ya fita ta je wurin daraktan sashensu ta ce wannan shari'ar ba ta karewa ba ce, a kira mutumin a sasanta, a hukunta Guduma. Darakta bai ko ɗago daga wayarsa ba. Ya ce, "In muka sasanta da wannan, gobe layi za a yi mana a ƙofa. Ke lauyarmu ce ko tasa?"

Ranar zaman ina kotun, don mun yi da ita za mu wuce asibiti duba gwaggonmu in ta tashi. Na zauna a bencin baya. Mai walda ya shiga akwatin shaida, siriri, hannun daman nan a lanƙwashe a ƙirjinsa kamar ya riƙe tsuntsu. Lauyansa wani dattijo ne da ya gaji da duniya, yana ta laluben takardu, da ganinsa yana da wasu shari'o'in a wasu ɗakunan.

Yaya ta miƙe. Murya a sanyaye, kamar mai gaida maƙwabci.

"Malam, aikin walda akwai jin rauni, ko?"

"Akwai, ranki ya daɗe."

"Kafin a kama ka, ba ka je kemis da ciwo a hannu ba?"

Ya ce, "Na je. Ƙarfe ne ya yanke ni."

"Ciwon ya yi ruwa?"

"Ya ɗan yi."

"Na gode. Shi ke nan tambayata, ya mai shari'a."

Ta zauna. Ni dai na ga alƙali ya sunkuya yana rubutu. Sai a mota na fahimci abin da ya faru. Mun hau titi ke nan ta gangara gefe ta tsaya, ta buɗe ƙofa ta tofar da yawu, ta sake tofarwa.

"Lafiya, Yaya?"

"Hannun hagu ne," ta ce. "Yankan a hagu yake, na sani, mai kemis ɗin ya gaya wa masu bincikenmu. Ban yi ƙarya ba ko ɗaya. Tambayar ce kawai ban ƙarasa ba. Na zauna ina jiran tsohon nan ya tashi ya ce wane hannu, wallahi har addu'a nake yi. Yana can yana neman tabaransa."

"To me ya hana ki faɗa?"

"Bakina ya san aikinsa, ƙanwata. Kafin in yi tunani ya gama."

Da aka zo yanke hukunci, alƙali ya ce akwai shakka kan abin da ya kashe hannun, ya kori ƙarar. A barandar kotu Guduma ya tare ta da fara'a, haƙoran nan a waje, yana cewa, "Garkuwa ba kya tsatsa! Har ni na fara yarda ban taɓa shi ba." Mai walda kuwa ya zo wucewa da matarsa, ya ɗan rusuna ya ce, "Sannu da aiki, ranki ya daɗe." Daga baya ta ce min da zagin ta ya yi, da ya fi mata sauƙi. A ofis ta tarar an sayo lemo ana jiranta da tafi. Ta wuce banɗaki ta kulle.

Ba ta ajiye aikin ba. Mama ta so ta ajiye, ta ce mata, "Wanda ya daɗe a juji ba ya jin wari, ki fito tun kina ji." Yaya ta ce in duk mai jin wari ya fita, su Guduma za a bar wa gidan.

Abin da ta yi shi ne ta daina sa irin su Guduma a akwatin shaida. Duk shari'ar da ta ga jami'i ya ci zalin mutum, sai ta ce a sasanta, in ba haka ba a ba wani lauyan. Darakta ya yi lallashi, ya yi faɗa, daga baya ya daina gaishe ta. Guduma ya samu ƙarin girma a shekarar. Ita kuma aka mai da ta sashen motocin da aka kama, wani ɗan ɗaki a bayan gini, yana kallon filin da motoci ke ruɓewa, ciyawa ta fito ta cikin kujerunsu, ɓeraye na haihuwa a injin. Wani sabon lauya mai ƙamshin turare ya gaji kujerarta a sama, an ce ya fi ta zafin baki.

Can take har yanzu. Kullum tana kotu kan wa ke da wace mota, kuma yawanci kafin a yanke hukunci an kwance tayoyin da batir, a cikin harabar hukumar, gaban masu gadi. Makon jiya wani direban haya ya ci shari'arsa, ta raka shi da kanta ya karɓi motarsa. Ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya ce, "Hajiya, ina sitiyarin?" Ta ce ya biyo ta su hau sama su tambayi darakta tare.