Fulawar da Ta Fid da Zangarniya

Shekara goma sha uku Sale ya yi yana noma abin da ko akuya ba ta ci. Gadina ne a Maitama, a gidan Oga Umar Farouk, darakta a wata hukumar gwamnati da Sale bai taɓa iya riƙe sunanta ba. Aikinsa shi ne ya ba ciyawa ruwa ta tsiro, in ta tsiro ya aske ta, in ya aske ta ya sake ba ta ruwa. Ranar da ya fara bayyana wannan sana'a a ƙauyensu, can wajen Dutsin-ma, wani dattijo ya tambaye shi ko masu gidan lafiyarsu ƙalau.

Manomi ne ɗan manomi. Gona ɗaya mahaifinsu ya bari, su kuma goma sha ɗaya. Da aka raba, abin da ya zo hannun Sale, in jaki ya kwanta a ciki sai wutsiyarsa ta leƙa gonar wani. Ya bar wa ƙanensa, ya hau mota. A shekarar da sojoji suka koma bariki ya sauka Abuja, lokacin da ake kwana a tashi a ga sabon bene, ya kama ɗaki a Masaka, ya ɗauko matarsa Zaituna. Tun daga nan bai sake ɗaure dami da hannunsa ba. Abin yana cinsa, musamman da kaka, amma ba ya faɗa.

Kullum bayan azahar gadinonin layin sukan taru ƙarƙashin wani mangwaro a bakin kwana. Ba su zancen siyasa, sun bar wa direbobi. Nasu shi ne hadari ta ina ya taso, burgun da ke haƙa ciyawar gida mai lamba tara na wa ne, kuma macijin da aka gani a kwalbati baƙi ne ko kuwa tsoro ne ya rina shi. Babban mai baki a wurin Zacharias ne, gadinan maƙwabtansu, mutumin Kwali, wanda har gobe yake da gonar doya da yake leƙawa duk ƙarshen wata. Wannan gona ce ta ba shi lasisin raina Sale. Bai taɓa kiransa da sunansa ba, sai Wanzamin Ciyawa.

"Wanzami, yau kai nawa ka aske?"

"Naka ya rage, Zakari."

To, wata damina, cikin watan shida, Sale ya je gida gaisuwar mutuwa ya yi kwana biyar. Hajiya Nabilah, matar Oga, tana shirin tafiya Ingila hutu da yara, wata uku cur. Sale ya dawo ya tarar ta tafi. Ya zagaya bayan gida, sai ya tsaya cak. Jikin katanga, tun daga tankin ruwa har ɗakin janareto, wata ciyawa ce a jere, duhu-duhu, da gashinta mai ja-ja tana kaɗawa. Kyasuwa! Kwana biyar kacal ya juya baya, kyasuwa ta shigo masa gida har da jera sahu. Kunya ta kama shi. Bai ko ajiye jakarsa ba ya duƙa, kafin la'asar ya tumɓuke ta tas, ya tula a baro, ya kai bola. Rabon da ya ji daɗin aiki irin na ranar har ya manta.

Washegari ya ba majalisa labari yana taƙama. Zacharias ya ajiye rogon da yake ci.

"Wanda yake jikin bango? Mai jan gashi?"

"Ita fa. Ko saiwa ban bari ba."

"Wanzami, ka mutu. Mota na kamfani ya kawo shi, ina kallo. Mutum huɗu da yunifom. Daga Sawut Afirka ya zo, cikin jirgi. Hajiya da kansa ya tsaya ana shukawa."

Sale ya miƙe zumbur. Ya ruga bola, motar shara ta riga shi. Ya koma ya zauna kan baro yana duban ƙasar da ya share, yana kuma tsine wa duk wanda ya fara sa kyasuwa a jirgin sama alhali ga ta nan kyauta a bayan kowane ƙauye. Hajiya ba ta da mugunta, amma a kan fulawa ta kori gadina biyu kafin shi. In aikin nan ya tafi, ɗakin Masaka ya tafi, kuma babu gonar komawa.

Dabarar a kicin ɗin Zaituna ya same ta. Daga gida ya zo mata da maiwa 'yar kaɗan don kunu. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar, ya tuna cewa maiwa tana ƙarama, in ba manomi ba, wa zai bambanta ta da ciyawa? Ya ɗebi tafi biyu ya ƙulle a leda. Zaituna ta ce, "Malam, ina za ka da kununa?" Ya ce mata Maitama za shi ya yi karatu.

Da farko don ya tsira da aikinsa ya shuka ta. Amma ranar da ta huda ƙasa, siririya, kore shar, sai ya ga ya tsuguna a gabanta ya kasa tashi. Ya yi mata huɗa, wai don ruwa. Ya rage mata yawa, ya bar uku-uku. Takin da aka sayo don wardin Hajiya kuwa, wardi bai sake jin ƙanshinsa ba. Ciyawar kafet ta gaban gida ta fara yin gemu, Sale bai kula ba, yana baya wajen gonarsa. Haka yake kiranta a zuci, gona, alhali taku ashirin ce a tsaye, biyu a kwance.

Hajiya ta dawo cikin watan tara, maiwa ta wuce kan Sale. Ta tsaya da wayarta a hannu tana duban hoton da kamfani ya ba ta, tana duban katanga.

"Sale, a hoto fa iya ƙugu take. Why is it so tall?"

"Ƙasar Abuja ce, Hajiya. Kome aka sa mata sai ya wuce misali. Dubi gidaje ma."

Ta yi dariya, ta ce ai ta fi ta hoton kyau. Oga yana bayanta da jarida. Ya ɗaga ido ya dubi maiwar, ya dubi Sale, ya mai da ido kan jaridarsa. Sale ya yi hamdala, ya ce a ransa boko rahama ne.

Kaka ta matso. A majalisa aka shiga gardamar da ake yi duk shekara. Sale ya ce ruwa ya ƙare, ya ga shamuwa ta tafi, raɓa ta yi nauyi, fara ta fara tsalle a ciyawa. Zacharias ya ce, "Nan ba Katsina ba ne. Ruwa na Abuja kamar baƙo na ƙauye ne, sai ya yi sallama sau biyar." Aka yi ruwa washegari, aka sake yi bayan kwana uku, Zacharias ya bi layi yana karɓar gaisuwa. Sale bai damu ba. Maiwarsa ta yi ciki, ta fid da kai, ta yi bununi, zangarniya kamar damtsen mutum. Da safe yakan tsaya kusa da ita don ƙanshin kawai, sai ya ji kamar in ya waiga zai ga rumbun babansa.

Ba shi kaɗai ya ji ƙanshin ba. Tsuntsaye ba su yi boko ba, sun san maiwa. Kurciya ta fara zuwa leƙen asiri, kanari ya biyo, ran nan sai ga jan-baki garke guda sun sauka kamar an aika musu katin gayyata. Sale ya ɗauki gwangwani da sanda ya hau bugu yana ihu irin na gona. Taga ta buɗe a sama.

"Sale! Me kake yi haka?"

"Tsuntsaye ne, Hajiya, za su ɓata fulawa."

"Don't you dare! Shekara nawa ina son tsuntsaye a gardin ɗin nan. Kada ka sake korar ko ɗaya. Kuma kada almakashinka ya taɓa ta."

Daga ranar aka fito da kujeru bayan gida. Hajiya da ƙawayenta suna shan shayi suna ɗaukar hoton ɓarayi suna cin dukiyar Sale, wata har tana neman lambar kamfanin. Shi kuma yana gefe da tiyo a hannu, yana ba kafet ruwa, zuciyarsa tana tafasa. Ya gwada rataya tsohuwar rigarsa a sanda, ya ce shanya ce, Hajiya ta sa aka cire. A gaskiya ya sha wahala. Manomi ya ga amfaninsa ya nuna, wuƙa tana aljihunsa, a ce masa kallo kawai zai yi! In ya yanka, aiki ya tafi. In ya faɗi gaskiya, aiki ya tafi. In ya yi shiru, nan da mako ɗaya sai kara.

Zacharias kuwa ya samu abin yi. "Wanzami, yaya baƙi naka? Sun ƙoshi, ko a ƙaro musu miya?" Wannan karon Sale bai rama ba. Ya ce, "Zakari, dami ɗaya nake so. Ɗaya tak. In ɗaure shi da hannuna, in ji nauyinsa a kaina." Zacharias ya sunkuyar da kai yana ɓare gyaɗa, ya canza zance zuwa burgun gida mai lamba tara.

Ran Asabar da hantsi Sale yana tsaye yana ƙirga zangarniyar da ta rage, sai ya ji takun silifa. Oga ne, da jallabiya, hannu a baya. Ya bi layin maiwar a hankali har ƙarshe, ya dawo. Ya kai hannu ya kama zangarniya ɗaya, ya murza a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin, ya watsa a baki. Sale ya bi hannun Oga da kallo. Wanda ya koyi wannan murzar ba a ofis ya koye ta ba.

"Maiwa ce," in ji Oga yana tauna. "Ta wajenmu ce ma. Ta nuna, me kake jira?"

"Ranka ya daɗe... tun yaushe ka sani?"

"Tun tana ganye huɗu. Har na gama firamare ni ke tsaron tsuntsu a gonar babana. Ta tagar banɗaki nake kallonku, in ka buga gwangwani ji nake kamar in sauko in taya ka."

"Hajiya ta hana, yallaɓai."

"Ni ma ta hana ni abubuwa da yawa." Ya waiga ya dubi bene. "Ta tafi biki Kaduna, sai gobe. Zan ce mata kamfani ne suka bugo, wai lokacin aske mata kai ya yi. Kana da wuƙa biyu?"

Aka tuɓe jallabiya aka rataye a tankin ruwa. Darakta guda, da singileti da tumbi, ya shiga maiwa yana karya kara da ƙafa yana yanke kai, yana haki, yana zagin jan-baki da zagin da Sale bai ji irinsa ba tun barinsa gida. Tsuntsaye sun ci fiye da rabi. Abin da ya rage, a ƙauye ba za a kira shi dami ba sai dai a yi kara. Oga ya ɗebi zangarniya uku ya ce zai gasa tumu a kan gas. Ya miƙa hannu zai taya ɗauri, sai ya dubi fuskar Sale, ya janye.

"Ɗaure abinka," ya ce.

Sale ya jera kawunan, ya sa gwiwa ya danne, ya ja igiya. Hannunsa bai manta ba. Oga ya ce direba ya kai shi Masaka a mota, ko a sa a buhu kada a gani. Sale ya yi godiya ya ce a'a. Ya naɗa gammo da tsumman goge mota, ya ɗora damin a ka, ya fita ta babban ƙofa.

Haka ya bi layin, tsakanin manyan katangu da motoci masu baƙin gilashi, ƙaiƙayi yana zuba masa a wuya. Sai ya ratsa cunkoson Nyanya kafin ya isa gida, ya kuma san kwandasta zai yi masa tijara, bai damu ba. Majalisa tana zaune ƙarƙashin mangwaro. Sale ya shirya jin abin da zai ji. Zacharias ya dube shi, ya dubi damin, ya ajiye abin da ke hannunsa, ya miƙe tsaye ya cire hula.

"Malam Sale," ya ce, "barka da kaka. Yaya amfanin gona?"

Sale ya buɗe baki zai ba shi baƙar magana kamar kullum, sai ya fasa. Ya gyara zaman damin a kansa.

"Mun gode Allah," ya ce.