Rezar da Na Sa wa Rigunan Yaya Sule

Shekara goma sha biyu ke nan cif, a wannan wata na Rajab, da muka ɗauki yayana Sule Tela muka kai shi makwancinsa a Daura. Zazzaɓin kwana uku ne kawai, bai ma samu sukunin yin wasiyya ba. Duk shekara idan watan ya kama nakan ɗauki biro da niyyar in rubuta wani abu a kansa, sai in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Kunya ce, domin a ganina ni na rushe aikin rayuwarsa da hannuna, da reza guda ɗaya, kwana bakwai bayan rasuwarsa. Bana dai na samu bakin magana.

Wanda bai san Yaya ba zai zaci wani gogaggen ɗan ƙwallo nake shirin yabo. Ina! Mutumin nan ban taɓa ganin ya sa ƙafa ya taɓa tamaula ba, ko gidan kallo ba ya zuwa, wai ihu yana sa masa ciwon kai. Tela ne mai keke ɗaya a wani ɗan shago a bakin kasuwa, gwanin ɗinkin hannu, kullum cikin jamfa da hula. Ta kudu bai wuce Kano ba, ta arewa bai wuce Damagaram ba. Amma a ƙarƙashin teburin yankansa akwai wata adaka ta ƙarfe mai ƙamshin kafur, cike da tsofaffin rigunan ƙungiyoyin ƙwallon Ingila, sun haura arba'in, kowace a ninke cikin farin ƙyalle. Ba zan ambaci sunan ƙungiya ko ɗaya ba, don na san halinku, yanzun nan sai ku mayar mini da shafi gidan kallo.

Abin ya faro ne a shekarun farko na shari'a, lokacin da kowa ya shiga taitayinsa. Dilolin gwanjo da ke shigowa ta Nijar su sauka a kasuwar Mai'adua sukan zo da irin waɗannan riguna, kuma suna da arha da ƙarko, don haka manoma da 'yan acaɓa suke son su. Matsalar ita ce abin da ke ƙirjinsu. Wata zaki ne, wata tsuntsu, wata kuros, wata kuma tallar giya ce ƙuru-ƙuru. Wa zai shiga sahu da wannan? Sai mutane suka riƙa kawo wa Yaya ya kwance musu tambarin. Ya kwance na farko, ya kwance na biyar, ran nan sai ya tsaya da allura a hannu yana kallon wani tambari, ya ce da ni, “Ticha, wanda ya ɗinka wannan ba wasa yake yi ba. Me yake nufi?” Daga ranar, duk wanda ya kawo tsohuwar riga sai Yaya ya ce ya bar ta, ya ɗinka masa sabuwar taguwa a madadinta. Mutane suna murna sun samu wawa.

Ni malamin Turanci ne a firamare, don haka ni na zama tafinta, ba da son raina ba. Duk takardar da ya ga hoton 'yan ƙwallo a jiki sai ya adana, ko da mai tsire ne ya naɗe masa nama da ita. In direba zai je Kano sai ya roƙe shi ya duba masa tsofaffin mujallu a wurin masu baza littattafai a ƙasa. Ina dawowa daga makaranta a gajiye zai tare ni da takarda duk maiƙo, ya ce in karanta. Ina karantawa ina tsaki, shi kuwa ya dakatar da keke, ya tallabe haɓa kamar mai sauraron tafsiri. Sau ɗaya ake karanta masa abu. Bayan shekara biyar in ka tambaye shi zai maido maka da shi har da wurin da ka yi tuntuɓen harshe.

A haka ya gano abin da ya fi ba shi mamaki a duniya: manyan ƙungiyoyin nan da ake kashe kai a kansu, asalinsu talakawa ne. Wata ma'aikatan jirgin ƙasa suka kafa ta, wata yaran makarantar coci, wata leburorin masana'anta da ke neman abin yi in an tashi aiki. Wadda ya fi ƙauna ita ce wata ja mai duhu, mai shuɗɗan hannaye, tambarinta guduma biyu a gicciye. Da na karanta masa cewa masu aikin ƙarfe ne a wurin ƙera jiragen ruwa suka kafa ƙungiyar, sai ya buga cinya ya ce, “Ashe maƙera ne! Ka ga mutanen kirki, ba su ɓoye sana'ar ubansu ba, a ƙirji suka sa ta.” Ya yi sati yana ba duk wanda ya shigo shagon labarin.

Amma abin da har gobe nake jinjinawa shi ne yatsunsa. Yaya ba ya karanta Turanci, sai dai yana karanta yadi. Masu gwanjo a Mai'adua sukan gwada shi don nishaɗi: a sa shi ya juya baya, a miƙa masa riguna biyu ta ƙeya. Zai murza yadin, ya bi kwala da babban yatsa, ya lalubi tambarin ya ji ɗinkin zare ne ko manni, sai ya ce wannan ta girmi wannan da kusan shekara goma, waccan kuma ba ta taɓa ganin Ingila ba, kwaikwayo ce. Na raina abin, har ranar da muka samu wata mujalla mai hotunan rigunan wata ƙungiya a jere bisa shekaru. Na ɗauko nasa guda huɗu na gwada. Yadda ya jera su a adaka, haka suke a hoton, babu wadda ta tsallake wata. Na dube shi, ya ci gaba da zura zare a allura kamar ba a yi komai ba. Ranar na yarda cewa ilimi ba a aji kaɗai Allah ya ajiye shi ba.

Ba a rasa masu magana ba. Wasu suka ce Sule ya tara gumaka a akwati. Bai yi musu da kowa ba, ya ɗauki riga biyu ya je wurin malamin unguwarmu ya tambaya. Malam ya juya su, ya ce tufa ce, ba bauta mata yake yi ba, ya dai kiyaye kada a yi salla da mai hoto. Shi ke nan, Yaya ya dawo ya ci gaba da abinsa. Shi kansa bai taɓa sa ko ɗaya a jikinsa ba.

To, ga abin da na yi. Kun san al'adarmu, ba a barin tufafin mamaci suna kallon mutane a ɗaki. Magada sun yarda a bayar da kayan sawarsa sadaka ranar bakwai. Matarsa, Yaya Hajara, ta tambaye ni yadda za a yi da adakar. 'Yarsu ɗaya, Rabi, tana ƙarama a lokacin, babu wanda ya nemi jin ta bakinta. Na ce tufa ce, a bayar, mutane su sa, lada ta isa gare shi. Kuma don kada wani ya kasa salla da su, na zauna da safe a zaure na sa reza na kwance tambarin kowace. Wadda ke da rubutun talla na kankare abin da ya kankaru. Da na fara ban tsaya zaɓe ba, mai zaki da mai guduma duk na yi musu aski ɗaya, na tattara tamburan na watsa a bola. Mutanen ƙauyuka da suka zo addu'a, yawancinsu masu kawo masa ɗinki, kowa ya tafi da ɗaya. Kafin azahar adaka ta koma wayam. Wallahi a ranar ina jin na yi aikin alheri.

Duniya ta juya. Yau a Daura in ka jefa tsakuwa sai ta faɗa kan mai rigar ƙwallo, sabuwa fil, wanki uku ta saki. Tarihin da Yaya ya kwashe shekaru yana tsinta a takardar tsire, yanzu yana cikin wayar kowa, amma ka tambayi mai rigar su wa suka kafa ƙungiyar da yake zagin abokinsa a kanta, sai ya yi maka kallon mahaukaci. Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Ina jin zai so wayar, ya kuma hana ni sakat da karatu.

Rabi ce ta tayar mini da tsohon miki, bayan ta girma ta yi aure. Wata rana ta zo gaishe ni, ta nuna mini a wayarta yadda Turawa ke farautar irin waɗannan tsofaffin riguna, suna sa su a gilashi suna ratayewa, har da ɗakuna na musamman da ake zuwa kallo. Ta tsaya a kan wata ja mai shuɗɗan hannaye ta ce, “Baffa, kamar na san wannan a akwatin Baba. Ina take?” Ba da faɗa ta tambaya ba, shi ya sa abin ya fi ciwo. Na ce an bayar sadaka. Maganar reza kuwa na haɗiye ta. Garin neman gira na rasa ido, kuma da-na-sani ƙeya ce. Tun daga ranar ko reza na gani a hannun wanzami sai in kau da kai.

Bara da kaka na je Dutsi ta'aziyyar wani tsohon abokin aiki, na bi ta kasuwa don in saya wa iyali lauje. A rumfar maƙera na tarar da wani dattijo ya baza fartanyu da gatura, sanye da riga ja mai duhu, ta koɗe, hannayenta shuɗɗa. A gefen hagu na ƙirjinta ga tabo, ga sawun reza inda hannuna ya zame ya ɗan yanki yadin. Na san aikina. Na tsuguna a gabansa.

Na ce, “Baba, rigar nan fa?”

Ya ce, “Ka ganta nan, Malam, rigar maƙeran Ingila ce, masu ƙera jirgin ruwa. Da akwai guduma biyu a nan, wani marar hankali ya cire.”

Na ce lallai bai kyauta ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Sannan na tambaye shi wa ya ba shi wannan labari, tunda babu tambari.

Sai ya ɗaga gefen rigar ya juyo cikinta. A jikin ɗinkin gefe, inda Turawa ke sa ɗan ƙyallen bayanin wanki, akwai wani farin ƙyalle mai faɗin yatsa uku. Na ga irinsa a duk rigunan ranar da nake aikin reza, na ɗauka na kamfani ne, ban ko duba ba. Ashe ajami ne, an ɗinka shi da baƙin zare, harafi bayan harafi, irin ɗinkin hular Yaya da zan gane ko a mafarki. Ni da digirina na Turanci sai na tsaya ina haɗa baƙi kamar ɗan kotso a makarantar allo. Dattijon ya gaji da jirana, ya karanta mini: “Ta maƙeran jirgin ruwa ce a Ingila. Alamarsu guduma biyu. Ka sa ta lafiya, ka yi wa Sule Tela addu'a.”

Ya ce ba shi aka ba ba, maƙwabcinsa ne ya samo ta a wata sadaka a Daura. Da ya karanta ya ga ta 'yan'uwansa ce, sai ya ba shi fartanya biyu ya karɓe ta. Ba ya sa ta a maƙera don tartsatsi ɗaya zai huda ta, sai ranar kasuwa. Ya ce ya san wasu mutum biyu masu irinta, ɗaya a Mashi mai ta ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma in sun haɗu har gardama suke yi kan wadda ta fi asali. “Ban san Sulen ba,” in ji shi, “amma ban taɓa sa ta ban yi masa fatiha ba.”

Na yi kuka a tsakiyar kasuwa, ban ji kunyar kowa ba. A hanyar dawowa na yi ta lissafin abin da idona ya kasa gani. Yaya bai rubuta da boko ba, bai sa ni na rubuta masa da Turanci ba, ya rubuta da abin da manomi da maƙeri ke karantawa. Bai sa sunan Allah a ciki ba, don ya san riga ce, za a shiga ko'ina da ita. Kuma ya rubuta siffar tambarin, domin shi da ya kwance na mutane da yawa ya san ƙarshen tambari a garin nan. Ya san al'adarmu, ya san inda tufafin mamaci ke zuwa, ya kuma san ƙanensa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Yanzu na san amsar da zai ba Rabi game da riguna a gilashi. Zai yaba tsaftar wurin, sannan ya tambaya wa suka rufa wa asiri. Na faɗa mata komai, har da rezar. Ta ce in kai ta Dutsi, kuma mun je. Adakar tana ɗakina babu komai a ciki sai ƙamshin kafur, na kuwa daina kallonta a matsayin shaidar laifina. Tarin Yaya bai watse ba, yana yawo ne a kafaɗun mutane tsakanin gona da kasuwa da masallaci.

Idan kai ne mai ɗaya daga cikinsu, tsohuwar riga mai tabo a ƙirjin hagu, ka juyo cikinta ka duba. Tabon nawa ne, ka yafe mini. Rubutun nasa ne, ka cika masa abin da ya roƙa. Allah ya jiƙan Yaya Sule, ya suturta shi kamar yadda ya suturta mutanen da bai taɓa gani ba.